BAYANI: Takardar CAC kaɗai ba ta mallaka wa ɗan kasuwa suna: Yadda doka ke raba gardamar sunaye masu kama da juna

A shekarar 1961, kotu ta yanke hukunci a kan wata ƙara da ta taso daga Onitsha, wadda har yau ake koyar da ita a tsangayoyin shari'a na jami'o'in Najeriya. Kamfanin sayar da magunguna mai suna Niger Chemists ya shafe shekaru yana harkarsa, yana da rassa a Onitsha da wasu garuruwan Gabas. Kwatsam sai wasu suka buɗe nasu kantin magani a kan titi ɗaya da shi, suka raɗa masa suna Nigeria Chemists. Haruffa biyu kacal suka raba sunayen.

Mai Shari'a Palmer ya hana sabon kantin amfani da sunan. Hujjarsa ita ce, idan kantuna biyu suna sana'a iri ɗaya, a gari ɗaya, a titi ɗaya, da sunayen da suka yi kusa haka, hankali kaɗai ya isa ya nuna cewa masu saye za su ruɗe.

Bayan fiye da shekara sittin, matsalar ta ƙara faɗi. Titin da ake gogayya a kansa a yau ya haɗa da Instagram da TikTok da WhatsApp, inda mai sayar da turaren wuta a Maiduguri ke iya wayar gari ta tarar da wani shafi ya ɗauki sunanta, ya ƙara harafi ɗaya, yana karɓar kuɗin kwastomominta. Haka kuma yawan masu rajistar sana'a ya ƙaru. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rajistar sunayen kasuwanci 250,000 kyauta a cikin shirin tallafin bayan korona, sannan a 2024 aka wajabta wa masu sana'ar POS yin rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Da yawa daga cikin waɗanda suka karɓi takardar sun ɗauka sunan ya zama nasu, babu mai taɓa shi. A shari'ance, takardar ɗaya ce daga cikin ƙofofin kariya uku, kuma ita ce mafi ƙarancin ƙarfi idan rikici ya tashi a kasuwa.

Abin da takardar CAC ke bayarwa

Dokar da ke kula da rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci ita ce CAMA ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020, ta maye gurbin ta 1990. Dokar ta wajabta wa duk mai kasuwanci da wani suna da ba sunansa na yanka ba ya yi rajistar sunan cikin kwana 28 da fara harka. Wanda ke ciniki da ainihin sunansa, ba tare da ƙarin wata kalma ba, ba ya cikin waɗanda aka wajabta wa.

Sashe na 852 ya hana CAC rajistar sunan da ya yi daidai da wanda aka riga aka yi wa rajista, ko wanda ya yi kama da shi har zai iya yaudarar jama'a. Ya kuma hana rajistar sunan da a ganin hukumar ya ci karo da tambarin kasuwanci mai rajista a Najeriya, sai da yardar mai tambarin. Akwai kalmomin da ba a amfani da su sai da izinin hukumar, musamman kalmomin Ingilishi masu nufin tarayya, ƙasa, jiha ko gwamnati, domin kada jama'a su zaci hukuma ce ke da kamfanin. Shi ya sa ake fara neman a keɓe wa mutum suna kafin rajista, kuma keɓewar tana ɗaukar kwana 60.

Idan aka yi kuskure aka yi wa kamfani rajista da suna mai kama da na wanda ya riga shi, sashe na 30 ya ba hukumar ikon umartar sabon kamfanin ya sauya suna cikin mako shida. Dokar ta 2020 ta kuma zo da wani sabon abu da ba kowa ya sani ba. Ta kafa kwamitin sauraren ƙorafi a cikin hukumar, kuma sashe na 857 ya ba mutum damar kai ƙorafi gaban kwamitin a kan sunan da aka yi wa rajista, idan sunan ya yi daidai ko ya yi kusa da wanda shi ya riga ya yi fice da shi. Wanda hukuncin kwamitin bai gamsar ba, yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Tarayya.

Duk da haka, manufar rajistar CAC ita ce a san wane ne ke bayan kowace sana'a, domin haraji da banki da kwangila da kuma wanda za a kama idan an cuci wani. Takardar tana tabbatar da cewa hukuma ta san da zaman kasuwancin. Ba ta ba mai ita ikon hana wani ya buga irin sunan a jikin kwalin sabulu ko ledar burodi, kuma ba ta zama garkuwa ga mai ita idan wanda ya riga shi yin suna a kasuwa ya maka shi a kotu.

Rajistar tambari: ƙofa ta biyu

Ikon mallakar suna a kan kaya ko hidima yana zuwa ne daga wata doka daban, Dokar Tambarin Kasuwanci ta 1965, wadda ta fara aiki a 1967. Ofishin rajistar tambari yana Abuja, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Ofishi ne daban da CAC, kuma kundinsa daban ne. Wanda ya binciki suna a shafin CAC ya ga babu kowa a kai, bai san ko wani ya riga ya yi wa sunan rajista a matsayin tambari ba.

Tambari na iya zama kalma, hoto, haruffa, lambobi ko haɗakarsu. Ana yin rajistarsa ne rukuni-rukuni bisa tsarin da duniya ke bi mai rukuni 45, inda 34 na kaya ne, 11 na hidima. Wannan na nufin wanda ya yi rajistar suna a rukunin tufafi, a ƙa'ida bai hana wani amfani da sunan a rukunin taki ko siminti ba. Bayan ofishin ya duba buƙata ya amince, ana buga ta a mujallar tambura, kuma duk mai ja yana da wata biyu ya shigar da ƙorafi. Idan babu mai ja, ko an saurari ƙorafin an kore shi, sai a ba da takardar shaida. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, daga nan ana sabunta ta duk shekara 14. Tambarin da aka bari shekara biyar ba a amfani da shi, ana iya neman a soke shi.

Amfanin wannan rajista yana bayyana ne a gaban alƙali. Mai tambari mai rajista zai nuna takardarsa, ya nuna cewa wanda ake ƙara yana amfani da irin tambarin ko mai kama da shi a kan kaya irin nasa. Ba sai ya tara shaidun da za su tabbatar da cewa ya shahara ba. Sashe na 3 na dokar kuwa ya ce wanda bai yi rajista ba, ba shi da ikon shigar da ƙarar keta haƙƙin tambari.

Sojan gona: kariyar wanda bai yi rajista ba

Sashe na 3 ɗin nan bai rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Ya bar wa kowa damar shigar da ƙara a kan wanda ke sayar da kayansa da sunan cewa na wani ne. Wannan ƙa'ida ce da Najeriya ta gada daga shari'ar Ingila, kuma a Hausance ba ta da wani suna da ya fi dacewa da ita kamar sojan gona. Ita ce ta ceci Niger Chemists.

Kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta taƙaita sharuɗɗanta guda uku a 1990, a shari'ar ruwan lemon tsami na Jif wanda ake sayarwa a roba mai siffar lemo. Na farko, mai ƙara ya nuna cewa ya gina suna da amincin da ke jawo masa masu saye. Na biyu, ya nuna cewa wanda ake ƙara ya gabatar da kansa ko kayansa ta hanyar da za ta sa jama'a su zaci na mai ƙarar ne. Na uku, ya nuna cewa ya yi asara ko kuma asarar na tafe. Ba dole ba ne a tabbatar da cewa wanda ake ƙara ya yi niyyar yaudara, domin kotu na duba tasirin abin a kan mai saye ne, ko da an yi shi bisa rashin sani.

Sharaɗin farko shi ne ke kayar da ƙananan 'yan kasuwa. A ɗauka wata matashiya ta shekara biyar tana yin kilishi da wani suna da unguwarsu duka ta sani, amma ba ta da rasit, ba ta da littafin ciniki, ba ta ajiye hoton allon shagonta na farko ba. Idan wani mai jari ya ɗauki sunan, dole ta tabbatar wa kotu tun yaushe take amfani da shi, da kuma iyakar inda aka san ta. Shaharar da kowa ya sani a baki, idan babu takarda ko shaida, tana da wuyar tsayawa a gaban alƙali.

Ido da kunne: yadda kotu ke auna kamanni

Kotuna ba sa ajiye sunaye biyu gefe da gefe su yi ta ƙirga haruffa. Suna tambaya ne ko mai saye na yau da kullum, wanda ya ga kayan makon jiya kuma ba ya tuna komai daki-daki, zai iya ɗaukar wannan a matsayin wancan.

A 1968 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Alban Pharmacy da Sterling Products. Sterling na da maganin yara mai rajista mai suna Castoria, sai Alban ya nemi rajistar Casorina a kan magani makamancinsa. Kotun ta hana, tana mai cewa dole a yi la'akari da abin da kunne ke ji, ba abin da ido ke gani kaɗai ba. A 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi wannan sawu, inda ta ce sunan Glucos-Aid ya yi kusa da Lucozade a furuci har zai iya ruɗa masu saye.

Wani lokaci sunayen ma ba su yi kama ba, sai dai hoto ko kwali. Tun a 1931 wata kotu a Legas ta saurari rikicin sigari biyu, Band Master da Barrister. Kwalin na farko na ɗauke da hoton Bature cikin kayan shugaban 'yan badujala, na biyu kuma Bature cikin rigar lauya da hular gashi. Kotun ta ga cewa mai sayen da ba ya karatu, wanda hoto ne jagoransa, zai iya ruɗewa. A Kano ma, a 1972, Babbar Kotu ta ba kamfanin Trebor gaskiya a kan Associated Industries, saboda yadda aka naɗe alewar Minta Supermints ya yi kama sosai da na alewar Trebor.

Wannan ma'auni yana da muhimmanci na musamman a Arewa. A Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari, mutane da yawa ba sa kiran kaya da sunan da aka rubuta da boko. Suna cewa a ba su mai zakara, mai tauraro, ko mai jan kwali. Aike kuma sau da yawa yaro ake tura wa da baki. Wanda ya kwaikwayi launi da hoto ya riga ya kama irin waɗannan masu saye, ko da sunan da ya rubuta ya bambanta. Idan kayan magani ne ko abincin jarirai, asarar ta wuce ta kuɗi, domin lafiyar mai saye ce ke cikin haɗari.

Inda kariyar ta tsaya

Doka ba ta ba kowa damar mamaye launi ko kalmar da jama'a duka ke amfani da ita ba. Shari'ar Ferodo da Ibeto, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2004, ita ce babban misali. Kamfanin Ferodo na Ingila, mai yin birkin mota, ya yi ƙarar kamfanin Ibeto na Nnewi cewa kwalin birkinsa mai suna Union ya kwaikwayi nasa mai launin ja da baƙi da fari. Kotun ta ce abin da ke bambanta kayan mai ƙara shi ne kalmar Ferodo, sauran kuwa ado ne, kuma babu mai jin Union ya zaci Ferodo. Kamfanin na waje ya sha kaye tun daga kotun farko har zuwa ta ƙoli.

Darasin ya shafi yadda ake raɗa wa shaguna suna a ƙasar Hausa. Alheri, Albarka, Nasara, Rahama da Sauƙi suna kan allunan shaguna a kusan kowane gari. Wanda ya zaɓi irin wannan kalma, ko kalmar da ke bayyana sana'ar kanta kamar gidan burodi ko ruwa mai tsafta, zai sha wuya kafin ya shawo kan kotu ta hana wasu. A irin wannan hali kotuna kan karɓi ɗan ƙaramin bambanci a matsayin wanda ya wadatar. Sunan da mutum ya ƙirƙira da kansa, wanda ba shi da alaƙa da kayan, shi ya fi samun kariya.

Dokar 1965 ta kuma kare mutum biyu daga mai rajista. Akwai wanda ke amfani da sunansa na gaskiya da zuciya ɗaya, ba don ya ci da gumin wani ba. Akwai kuma wanda ya riga mai rajistar fara amfani da tambarin kuma bai daina ba. Wannan na biyun shi ma sai ya kawo hujjar tun yaushe ya fara.

Wace kotu, kuma me za ta iya yi?

Sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'o'in tambari da sojan gona da kuma al'amuran kamfanoni. Sai dai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu da suka daɗe suna jawo muhawara tsakanin lauyoyi. A 2003, a shari'ar Ayman da Akuma kan gashin kanti, ta ce Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumi idan tambarin ba shi da rajista. A 2007, a shari'ar Omnia da Dyktrade kan dutsen goge daɓe mai suna Super Rocket, ta karkata ga cewa kotun tana da hurumi. A shari'ar Ayman, an kai har Kotun Ƙoli kafin a ce tun farko ba a kotun da ta dace aka shigar da ƙarar ba. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da jarin da zai jure irin wannan tafiya.

Idan mai ƙara ya yi nasara, kotu na iya hana wanda ake ƙara ci gaba da amfani da sunan, ta sa ya biya diyya ko ya miƙa ribar da ya ci da sunan, ta kuma sa a tattara kwalaye da alluna a lalata. Tun kafin a fara sauraren shari'a, tana iya ba da umarnin wucin gadi na dakatarwa, ko izinin shiga ma'ajiyar wanda ake zargi a adana shaida kafin ya ɓoye ta. Idan abin ya kai ga jabun magani ko abinci, NAFDAC na da ikon kamawa da gurfanarwa, yayin da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ke da hurumi a kan yaudarar mai saye.

Da an tsallaka Jibiya, rajistar ta ƙare

Kariyar tambari ba ta tsallaka iyakar ƙasa. Kayan Kano suna shiga Maraɗi da Damagaram da Njamena da Garwa, amma takardar Abuja ba ta aiki a can. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda ke da hedikwata a Yawunde, kuma take aiki da Yarjejeniyar Bangui ta 1977. Rajista ɗaya a OAPI tana aiki a duk ƙasashen, kuma tsarin yana da rajista ta musamman ga sunan kasuwanci. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar, ba ta kuma cikin tsarin Madrid da ke ba da damar neman kariya a ƙasashe da dama da takarda ɗaya. Yarjejeniyar Paris, wadda Najeriya da Nijar duk suka shiga, ta ce a kare sunan kasuwanci ko ba a yi masa rajista ba, amma mai sunan ne zai je kotun ƙasar ya kafa hujja.

Aikin da ke jiran majalisa

Masu bibiyar siyasa sun ga irin wannan rikici a 2013, lokacin da wata ƙungiya mai suna African People's Congress ta nemi rajista da haruffan APC, a daidai lokacin da jam'iyyun adawa ke haɗewa da sunan All Progressives Congress. INEC ta raba gardamar cikin 'yan watanni, ta yi wa jam'iyyar haɗakar rajista ranar 31 ga Yuli, 2013. Ɗan kasuwa ba shi da hukuma ɗaya da zai je ta yanke masa haka, sai dai ya yi ta zirga-zirga tsakanin CAC da ofishin tambari da kotu.

An sabunta dokar kamfanoni a 2020, an kuma sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallakar fasaha a 2023. Dokar tambari kuwa tana nan tun 1965, sai ɗan gyaran da Dokar Sauƙaƙa Kasuwanci ta yi mata a 2023, wanda ya fayyace cewa kariyar ta haɗa da hidima. An rubuta ta kafin zuwan intanet, saboda haka ba ta ce komai a kan sunan shafi ko adireshin yanar gizo ba. An sha gabatar da ƙudirorin sake fasalin wannan fanni a Majalisar Tarayya. Abubuwan da matasa za su iya tambayar wakilansu a kai a bayyane suke: yaushe za a haɗa binciken suna na CAC da na ofishin tambari, yaushe za a rubuta hurumin kotu a fili, kuma ta yaya ƙaramin ɗan kasuwa a Gusau ko Damaturu zai kare sunansa ba tare da kashe jarinsa ba.

Kafin a kai ga nan, nauyin yana kan mai sana'a. Ya zaɓi sunan da ba na kowa da kowa ba, ya bincika a kundin hukumomin biyu kafin ya buga allo da leda, ya yi rajistar tambari a rukunin da ya dace da kayansa, ya kuma riƙa ajiye rasit da hotuna da tallace-tallace masu kwanan wata. Idan ya ga wani ya ɗauki sunansa, ya nemi lauya ya rubuta wasiƙar gargaɗi da wuri, domin kotuna kan yi la'akari da jinkirin mai ƙara kafin su ba da umarnin dakatarwa.